Bukkar gona da ɗakin katako na dajin Finlan: amsa ga Yaya Hajiya

Assalamu alaikum. Yaya Hajiya, na ga tambayarki tun da la'asar, na bari sai bayan isha'i don in amsa miki a natse. Ga waɗanda ba su gani ba: ɗanmu da ke karatu a Finlan ya nemi izininta zai bi abokan karatunsa uku zuwa arewacin ƙasar a ƙarshen Satumba, su yi kwana huɗu a wani ɗakin katako cikin daji, babu lantarki, babu famfo, babu rezo. Tana son ta san ko wannan daidai yake da kwanan bukkar gona da muka sani, tunda yaron ya sha kwana a gonar kakansa wajen Dogo. Wasu sun ce mata daji duk daji ne, wasu sun ce ta hana shi kawai.

Na kwana a duka biyun. Bukkar gona a cikinta na girma, ɗakin katakon kuma na shige shi lokacin da aka tura ni kwas na aikin gandun daji a can. Akwai kama, amma kama da wane ba ta wane.

Inda suka yi kama ba shi da yawa. A duka biyu kai za ka ɗebo ruwanka, ka hura wutarka, ka zaga waje in ta kama, ka kwanta da wuri. Yaron da ya tashi a Damagaram, ya san bin layin ruwa da bido tun asuba, ya san cin tuwo da hasken tocila in an ɗauke wuta, wannan ba zai dame shi ba. Ina jin ma zai fi abokan nasa haƙuri a nan.

Babban bambancin shi ne mutane. Dajinmu ba ya rabuwa da ɗan Adam. Ki tuna bukkar nan ta kara da zana a gindin gawo. Kafin rana ta take kin amsa sallama biyar: Bafulatana da ƙwaryar nono, mai amalanke, maƙwabcin gona ya zo aron gatari, yara masu korar tsuntsu daga gero. Ko dajin gwamnati na Takeita, kan hanyar Maradi, ba ka tafiya mai nisa ba ka ga sawun shanu ko mai saran itace ba. In kunama ta harbi mutum cikin dare, ihu ɗaya ya isa, za a taru a kansa, a samo kabu-kabu ko amalanke a kai shi likita. Mu da muke cewa mun saba da daji, da dajin da ke cike da 'yan'uwa muka saba.

Wanda na shiga a can shi ne gandun Urho Kekkonen, wanda aka keɓe a 1983, faɗinsa kusan murabba'in kilomita 2,550, kuma babu gari ko ɗaya a cikinsa. Daga Helsinki jirgin ƙasa muka kwana a ciki zuwa Rovaniemi, daga nan mota ta kai mu Saariselkä, daga nan kuma sai ƙafa, kowa da kayansa a baya. Tsakanin ɗaki da ɗaki tafiyar yini ce ga mai ɗauke da kaya. Kwana biyu cur ba mu ga kowa ba. Babu carar zakara, babu kukan jaki, babu ƙarar turmi, babu kiran salla daga wani ƙauye can nesa. Daren farko na fito waje na tsaya, shirun ya yi mini nauyi a ƙirji har na fara karanta Ayatul Kursiyyu da ƙarfi don in ji muryar mutum. Wallahi Yaya, ban taɓa sanin kiran sallar asuba abinci ne ga zuciya ba sai a wurin. Wannan shirun yana da daɗinsa daga baya, mutum yakan samu natsuwar zikiri da ba ya samu a gari, amma ma'anarsa ita ce in ƙafa ta gurɗe ko zazzaɓi ya kama mutum, su huɗun nan su ne dangi, su ne likita, su ne amalanke.

Ɗakin kansa ya fi bukkarmu nesa ba kusa ba, wannan kam sai a faɗa. Da gungumen itace ake gina shi, iska ba ta ratsa shi. A ciki akwai dandamalin katako na kwanciya wanda kowa ke shimfiɗa jakar barcinsa a kai, da murhun ƙarfe mai bututun hayaƙi, da tebur. A waje akwai rumfar itacen wuta da gatari da zarto, da ɗan bayan gida. Suna kiransa autiotupa, hukumar dazuzzukan ƙasar, Metsähallitus, ke kula da shi, ba a kulle shi kuma ba a biyan ko dala. Akwai wani iri kuma da ake kama wuri tun daga gari, a biya, a karɓi mabuɗi. Ki tambaye shi wanne za su shiga, domin na kyautar yana da wata al'ada da ta burge ni ƙwarai: wanda ya iso daga baya ya fi haƙƙin wuri. In ɗaki ya cika sai ga wani ya shigo a jiƙe yana rawar ɗari, wanda ya riga ya huta ya ji ɗumi shi ke tashi ya ba shi wuri. Kuma ba a barin ɗakin sai an faskara itace an ajiye ƙirare kusa da murhu, don wanda zai zo bayanka da hannu a sandare ya samu abin kunna wuta nan take. Na ga haka na tuna zauren kakanninmu da randar ruwa a ƙofar gida don matafiyi. Sai dai abin da al'adar ke nufi ga ɗanmu shi ne dole su tafi da tanti, don ba su da tabbacin kwana a ciki.

Sai maganar abin da ke kashe mutum. A wurinmu ƙishirwa ce da rana. Duk iliminmu na daji a kansu aka gina shi: ka fita da sanyin safiya, ka nemi inuwa da azahar, ka san inda rijiya take, ka sa tufa mai shan iska. A can ruwa ko'ina, ƙorama da tafki da fadama, ka ɗiba ka tafasa ka sha. Makashin can sanyi ne, kuma sanyin ba irin hunturunmu ba ne da ke tsattsage leɓe da kaushi, mutum ya ji ɗumin rana da hantsi ya warware. A Kittilä, cikin wannan yankin, an auna digiri 51.5 ƙasa da sifili a Janairun 1999. Satumba ba ta kai nan ba ko kusa, amma da dare ruwa yana iya daskarewa a bokiti, ƙanƙara ma tana iya sauka. Kuma ba sai sanyi ya kai haka yake illa ba. Mutum ya jiƙe da ruwan sama ko da guminsa, iska ta buge shi, zafin jikinsa ya dinga zurarewa bai sani ba. Da farko rawar ɗari, sannan harshe ya harɗe, ƙafa ta fara tuntuɓe, sai barci ya zo. Mu an koya mana in ka gaji a daji ka samu gindin itace ka kwanta. A can wannan kwanciyar ita ce ba a tashi daga gare ta. Haka kuma auduga, wadda ita ce rahama a Damagaram, a can cuta ce, don tana riƙe laima a jiki. Ulu ake sawa daga ciki, rigar ruwa daga waje, da safa ta canji a ƙulle cikin leda. Wannan ilimin kakansa bai koya masa a Dogo ba, kuma ba laifin kowa ba ne.

Wuta ma ta sha bamban. Bukkar kara tana numfashi, abin tsoronta gobara ce. Ɗakin katako a toshe yake, abin tsoronsa iskar garwashi ce marar wari marar launi, irin wadda ke kwantar da mutane a nan cikin hunturu in sun shiga ɗaki da kaskon gawayi sun rufe ƙofa. Kada su toshe bututun hayaƙi don riƙe ɗumi matuƙar garwashi bai mutu ba. In wani ya tashi da ciwon kai da jiri, a buɗe ƙofa kowa ya fita.

Namun daji kuwa, waɗanda na ga sun fi tsorata 'yan zauren nan, su ne mafi ƙanƙanta a lissafina. Gonar Dogo da kububuwa da kasa da kunama ta fi dajin can hatsari ta wannan fuska. Macijinsu mai dafi iri ɗaya ne tak, beyar kuma, wata babbar dabba mai gashi ta dajin can, tana gudun mutum, yawancin masu yawon dajin ba su taɓa ganinta ba. Abin da zai gani su ne barewar kiwo ta mutanen Sami, 'yan asalin arewacin ƙasar. Sauronsu yana yin baƙi ƙirin a Yuni da Yuli, amma ba ya kawo zazzaɓin maleriya, kuma zuwa ƙarshen Satumba ya wuce.

Ɓata hanya ita ce zan ƙara ja wa kunne a kai. A nan kana da kuka guda da kowa ya sani, da tudu, da rijiya, da wanda za ka tambaya. A can itatuwa iri ɗaya ne ko'ina ka juya, hazo kuma yana sauka ba sallama. Baƙo ko da ido makaho ne. Sanyi yana shanye batirin salula da sauri, don haka taswirar takarda da kamfas ba su da madadi, kuma a cikin huɗun lalle a samu wanda ya iya aiki da su, ya kuma taɓa yin irin wannan tafiyar. Lambar neman agaji 112 ce, amma sai inda rezo ya kama, galibi kan tudu. Kowane ɗaki yana da littafin baƙi, su rubuta ranar da suka zo da inda suka nufa, domin shi masu ceto ke dubawa.

Kada in manta da salla da abinci, na san suna ranki. Mu nan gabas da alƙibla kusan abu ɗaya ne a bakinmu, to a can alƙibla tana kudu, ta ɗan karkata gabas kaɗan, sai ya duba kamfas. Ƙarshen Satumba dare da rana sun kusa daidaita, lokutan salla ba za su rikice masa ba kamar tsakiyar bazararsu da rana ba ta faɗuwa a arewa. Ruwan alwala ya ɗumama a murhu. Abin da suka fi gasawa a bakin wuta shi ne tsiren nan nasu mai kama da hanji da aka cusa wa nama, kuma yawancinsa da alade ake yi, don haka ya tafi da nasa guzurin: kifin gwangwani, shinkafa, dabino, gyaɗa, shayi. In kina son aika masa wani abu, ƙuli-ƙuli da dabino sun isa. Kilishi kada ki ɓata kuɗinki, ba a barin nama ya shiga ƙasashen Tarayyar Turai a kayan matafiyi.

Ra'ayina, Yaya, ki bar shi ya je. Yaro ne mai hankali, kuma na fi son ya ga wannan halitta ta Allah da ya ƙare shekarunsa can tsakanin aji da ɗakin kwana. Amma kada ki ba da izinin bisa cewa ya saba da bukkar gona, ki ba da shi bayan ya amsa miki waɗannan: sunan gandun da sunan ɗakunan da za su kwana, wane ne a cikinsu ya taɓa zuwa, ko suna da tanti da jakar barci ta sanyin ƙasa da sifili, da wa suka bar wa labarin hanyarsu a gari. Sannan ku tsayar da rana da awar da zai kira ki in sun fito, ki kuma karɓi lambar mutumin nan na gari, wanda zai buga 112 in lokacin ya wuce ba a ji su ba. Kwana huɗun da salularsa za ta yi shiru kada ya tayar miki da hankali, haka wurin yake.

In ya kasa amsa ko ɗaya daga ciki, ya dakata zuwa wata shekara. Ki ba shi lambata ya kira ni ranar Juma'a bayan an sauko, mu bi kayan nasa ɗaya bayan ɗaya. Allah Ya kai shi lafiya Ya dawo mana da shi lafiya.