Yunwar Bengal ta 1770 da ta 1943: a wacce hannun Turawa ya fi fitowa?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko yunwar da aka yi a Bengal, gabashin Indiya, a 1770 da wadda aka yi a 1943 iri ɗaya ce, kuma wacce ta fi zama laifin 'yan mulkin mallaka.

Ta 1770 fari ne mafarinta. Damina ta ƙi a 1769, shinkafa ta bushe a gona, agana ta biyo baya. Lokacin Kamfanin East India, kamfanin kasuwanci na Turawan Ingila, ke karɓar harajin yankin, tun 1765 da Sarkin daular Mughal ta Indiya, Shah Alam na biyu, ya miƙa masa wannan iko. Ƙiyasin da aka fi ambata shi ne mutum miliyan 10, kusan ɗaya cikin uku na jama'ar. Duk da haka kamfanin bai sassauta ba. Warren Hastings, gwamnan kamfanin a Bengal, da kansa ya rubuta cewa harajin 1771 ya zarce na 1768, domin an ɗora wa masu rai kason waɗanda suka mutu ko suka gudu.

Ta 1943 kuwa, ita ce ta fi ci mini rai, don ba fari ya kawo ta ba. Ana cikin Yaƙin Duniya na Biyu, Japan ta kama Burma (Myanmar ta yanzu) a 1942, shinkafar da ke shigowa daga can ta yanke. Saboda tsoron mamaya, hukumar mulkin mallaka ta Ingila ta ƙwace dubban kwale-kwale a bakin teku, masunta da 'yan dako suka rasa abin yi. Guguwa ta afka wa gundumar Midnapore ta Bengal a Oktoban 1942. Sai farashi ya yi tashin gwauron zabo, aka fifita sojoji da ma'aikatan Kalkata, babban birnin Bengal, manomin ƙauye ya sayar da gonarsa ya taho birni bara. Masanin tattalin arziki Amartya Sen ya nuna cewa abincin da ke Bengal a 1943 ya fi na 1941, shekarar da ba a yi yunwa ba. Mutum miliyan 2 zuwa 3 suka mutu, da yawa ta hanyar zazzaɓin cizon sauro da kwalara.

A yawan gawa, 1770 ce gaba. A laifi kuwa, ni 1943 nake ɗora wa nauyi. Akwai jirgin ƙasa, akwai waya, akwai dokokin agajin yunwa tun shekarun 1880, amma ba a ayyana yunwar a hukumance ba, kuma majalisar yaƙin Churchill, Firaministan Birtaniya a lokacin, ta yi ta ƙin ba da isassun jiragen ruwan hatsi. Sai da babban hafsan soja Wavell ya zama wakilin Sarkin Ingila a Indiya a Oktoban 1943 aka sa sojoji rabon abinci a ƙauyuka.