Shagon wani tsohon baduku a bayan Masallacin Juma'a na Jos

Duk mai neman takalmin fata na gaske a Jos, wanda ba zai ɓare masa a damina ɗaya ba, ina ba shi shawara ya bar shagunan gilashi na Ahmadu Bello Way ya gangaro cikin gari, wajen Masallacin Juma'a, ya tambayi inda dukawa suke. Akwai wani dattijo a lungun, shagon nasa ko allon suna babu, ɗaki ne ɗan ƙarami na tsohon gini mai rufin kwano da ya yi tsatsa, amma tun daga bakin lungu warin jima zai gaya maka ka iso.

Wannan ɓangaren garin ai shi ne tsohuwar Jos ɗin da haƙar kuza ta tara wa jama'a, mutanen Kano da Bauchi da Zariya da Borno suka zo da sana'o'insu suka zauna, balle da jirgin ƙasa na layin gabas ya iso a 1927. Da babbar kasuwar Taminus ta ƙone a 2002 'yan kasuwa da yawa sun watse, wasu kan titi wasu unguwanni, amma masu aikin hannu na cikin lungu suna nan inda iyayensu suka bar su, maƙera da masu ɗinkin hula da wankinta da su Baba baduku.

Ni sambatsai na je ya yi min. Na ce sannu da aiki Baba, ya ce yauwa ɗana, cire takalminka ka taka nan, sai ya shimfiɗa kwali ya zagaye ƙafata da biro, dama daban hagu daban, wai ba a taɓa samun ƙafa biyu daidai ba. Bai tambaye ni lamba ta nawa nake sawa ba sam. Daga nan ya jawo fatu ya baje min, ga jar fatar akuya mai laushi, ga ƙirgin saniya mai kauri na ƙasan takalmi, ya ce in murza in ji. Jimar bagaruwa ce, jan kuma na karan dafi ne, baƙin da yake zana ado da shi kuloko, kuma wallahi idan ka ga yadda yake huda ƙirgin nan ya bi da basilla, zare biyu suna ratsa rami ɗaya yana ja yana ɗaurewa, hannu ko rawa ba ya yi duk da shekarunsa, sai ka ji tausayin kuɗin da ka sha zubarwa a takalman gam da rana ɗaya ke buɗe musu baki.

Ba takalmi kaɗai yake yi ba. Na ga gafaka ta saka Alƙur'ani a rataye, da kuben wuƙa, da zabirar wanzamai, da huffi wanda a sanyin Jos na Disamba kowa ya san amfaninsa lokacin alwalar asuba, har da tumtum guda biyu da wata hajiya ta ba da a yi wa 'yarta na jere.

Inda zan rage masa maki shi ne alƙawari. Ranar da ya ce ka zo, kar ka ɗauka ka gama, ƙara masa kwanaki a ranka, don shi kaɗai ne sai wani jikansa da ke zuwa bayan an tashi makaranta, kuma in Sallah ta gabato to sai haƙuri. Ba ya karɓar tiransifa, POS ma sai ka fita bakin titi ka ciro, ga lungun ba ya shiga da mota, gara ka hau keke ka sauka ka ƙarasa da ƙafa. Ranar Juma'a kuwa kar ma ka fara tsakanin azahar da la'asar.

Kuɗin ya fi na takalmin kanti, ban musa ba, kuma Baba ba ya son dogon ciniki, in ya faɗa ɗan kaɗan zai sauko. Amma nawa sun sha ruwan Agusta sun sha ƙurar hunturu, ɗinki ko ɗaya bai saki ba, da farko sun ɗan matse ni a babban yatsa sai fatar ta saki ta bi ƙafar. Ya ce duk ranar da ƙasan ya cinye in kawo ya canza, saman zai kai ni shekaru.

Abin da ke damuna kawai, yaran unguwar duk sun koma gyaran waya da tuƙa keke, jikan nan ma rabin hankalinsa na kan waya. Masu kai baƙi gidan tarihi na Jos su ga tukwane da kayan Nok, don Allah ku riƙa biyowa da su ta nan ma su yi oda, ko da gafaka ɗaya ce.