Igwar OTO Melara Mod 56: sauƙin ɗauka, gajeren zango

Kamfanin OTO Melara na garin La Spezia a Italiya ne ya ƙera wannan igwa mai bakin milimita 105 a shekarun 1950, domin sojojin tsaunuka na ƙasar, waɗanda ke hawa inda mota ba ta zuwa. Tana cikin igwogin da sojojin atilare na Najeriya suka daɗe suna aiki da su, daga makarantarsu ta Kachia har birget irin su ta 31 a Minna da ta 33 a Bauchi. Dabarar ma ba baƙuwa ba ce a nan: ƙananan igwogin da Turawa suka kawo Kano a 1903, kwance su ake yi 'yan dako su ɗauka a ka.

Abin yabonta nauyi ne. Kilo 1,290 ne kacal, wato ko rabin nauyin igwar D-30 ta Rasha ba ta kai ba. Land Rover na jan ta, helikwafta na ratayo ta, in kuma hanya ta ƙare sai a warware ta gida 12 a ɗora wa alfadarai. Mutum bakwai ne ke kanta, kuma in sun ƙware, 'yan mintoci sun ishe su su harhaɗa ta. Ƙafafunta biyu na baya gaɓa-gaɓa ne, ana rage tsawonsu in wuri ya matse. Ana kuma iya sauya zaman tayoyin ta yi ƙasa sosai don harbin kai tsaye. Rukunin atilare mai igwa shida kan iya kafa sansani a filin da manyan bindigogi ba za su ko juya ba.

Harsashinta irin na Amurka ne, M1, mai kusan kilo 15, kuma ƙasashe da dama na yin sa. Albarushin yana zuwa ƙulli bakwai a cikin kwanso, ana cire wasu gwargwadon nisan da ake so. A nan ake yawan ɓarna. In an bar akwatunan a rana, albarushi ya ɗau zafi, harsashi sai ya zarce inda aka auna. Shi ya sa ake rufe su da tamfal, a ɗora su kan katako, a riƙa kai wa masu lissafin saiti ma'aunin zafinsu.

Sai dai zangon bai taka kara ya karya ba: kilomita 10 da ɗoriya, saboda bututun gajere ne. A yaƙin Falklands na 1982, Ajantina na da wannan igwa, Birtaniya kuwa ta zo da igwar L118 mai kai kilomita 17, tana dukan sojojin Ajantina daga inda ba su iya ramawa. Ita Birtaniyar ta yi amfani da Mod 56 da sunan L5 kafin ta sauya ta. Sojojin Ostireliya da na New Zealand a yaƙin Biyetnam ma sun ajiye ta suka koma igwar M2A2 ta Amurka, don ba ta jure harbi ba ƙaƙƙautawa.

Wannan rauni daga ƙirar yake. Duk abin da aka yi don a kwance shi, mahaɗai ne suka yi masa yawa, kuma kowace mahaɗa wurin sassautawa ce. Jan ta da gudu a hanya mai gargada yana cinye fil-fil ɗin ƙafafu, saiti ya goce. In tafiyar mai nisa ce, gara a ɗora ta a bayan babbar mota. A lokacin hunturu ƙura kan haɗu da giris ta riƙa goge ƙarfe kamar sanfefa, don haka shafawa kaɗan-kaɗan ta fi laftawa. Kafin harbi a duba man da ke tare naushin bindigar, wato jan bayan da take yi in an harba, domin in ya zurare, bututu zai dawo da ƙarfin da zai lahanta gindin.

Ga rundunar da ke bin 'yan bindiga a daji ko kan duwatsu, waɗanda ba su da igwar ramawa, har yanzu tana biyan buƙata. In abokin gaba na da D-30 mai kai kilomita 15, kada a tura ta.