Ajin shirya jarrabawar zama ɗan ƙasar Kanada: na ci, amma da saura

Mako shida na yi ina zuwa ajin nan, kowace Asabar da hantsi, a wata cibiyar taimakon baƙi da ke Scarborough, gabashin Toronto. Ko sisi ba a karɓa, har shayi da biskit ake ajiyewa a bakin ƙofa. Duk wanda ya cika kwana 1,095 a ƙasar cikin shekara biyar, ya nemi irin ajin nan kafin ya zauna jarrabawa. Tambaya 20 ce, sai ka ci 15, kuma malamarmu ta san inda mutane ke yawan tuntuɓe, musamman larduna goma da yankuna uku da manyan biranensu. Ta wannan fuska ba ni da ƙorafi. Na ci 19.

Mu goma sha huɗu ne. Kusa da ni wani dattijo mabiyin addinin Sikh mai shuɗin rawani, Baba nake ce masa, bayana kuma wata nas 'yar Filifin da ke zuwa kai tsaye daga aikin dare, tana gyangyaɗi da biro a hannu.

Darasin mako na huɗu ne ya tsaya mini a rai. Malama ta jero mana: a 1971 Firaminista Pierre Trudeau ya ayyana manufar zaman al'adu daban-daban, a 1982 aka sa ta a sashe na 27 na kundin 'yanci, a 1988 majalisa ta mai da ita doka. Da ta zo kan 1990, shekarar da aka yarda Sikh ya shiga 'yan sandan tarayya da rawaninsa, Baba ya gyara zama ya shafa nasa. Daga nan sai hotunan bukukuwa, raye-raye, tukwanen abinci kala-kala.

Na ɗaga hannu. Na ce, Malama, to dokar lardin Quebec ta 2019 fa, mai lamba 21, wadda ta hana ɗaukar mai hijabi aikin koyarwa a makarantar gwamnati? Ta yi murmushi ta ce ba ya fitowa a jarrabawa, ta wuce. Raina bai so ba, don nan gizo ke saƙar. Mutanen Quebec masu Faransanci tsiraru ne a tsakiyar masu Ingilishi na faɗin ƙasar, kuma da hujjar kare al'adarsu da raba addini da gwamnati suka yi dokar. Mai hijabin ita ma 'yancin kanta take nema. Kowane ɓangare da sunan 'yanci yake magana. Masanin falsafar ƙasar, Will Kymlicka, ya daɗe da bambance abu biyu: kare ƙaramar al'umma daga dannewar babba, wanda ya ce masu sassaucin ra'ayi za su iya goyon baya, da kuma al'umma ta takura wa 'ya'yanta da sunan al'ada, wanda ya ƙi. To idan tsirarun da ake karewa su ne ke takura wa waɗanda suka fi su ƙanƙanta fa? Minti goma kan wannan ya fi mini hotunan tukwane amfani. Ni da na taso ina ganin yadda takardar shaidar asalin ƙaramar hukuma ke buɗe wa wani ƙofa ta rufe wa maƙwabcinsa a gida Najeriya, ba baƙon zance ba ne a wurina.

Da aka tashi, Baba ya tsayar da ni a matakala. Ya ce, 'yata, namu rawanin ma dokar ta shafa, ɗan ɗan'uwana dalilinta ya bar Montreal da ke Quebec. Muka tsaya muna hira har motar bas ta wuce ni.

In za ku je, ku riƙe rigar sanyinku a jiki, ajin a ƙarƙashin ƙasa yake, na'urar ɗumama ɗakin kuma sai ta ga dama.