Na kai bindigar gado wurin mai gyara a Katsina

Mai baki biyu ce, ƙirar Birmingham ta Ingila, gadon mahaifina, lasisinta kuma yanzu da sunana yake. Da ita nake fita harbin zabi da fakara a bayan Daura in an gama kaka. Bana harsashin da na saba saya ya yi wuya, sai na karɓi wani kwali mai rubutun 12/76 a jiki, wato lambar faɗin baki 12, tsawo milimita 76. Na sa ɗaya ya shige lafiya lau, bindiga ta rufu, na ce ai nata ne.

Harbi biyu na yi. Kafaɗata ta kwana uku tana tsami, bindigar ba ta buɗu ba sai da ƙyar, bakin kwanson kuma ya fito a yayyage kamar ɓera ya ci.

Wani dattijo aka kwatanta mini a cikin birnin Katsina, ba nisa da Ƙofar Soro. Kwanson ya fara karɓa ya jujjuya, sannan ya kwance bindigar, ya goge ƙasan bututun da tsumma mai ɗan mai, ya nuna mini tambarin maƙera da tsinke: 2½. Inci biyu da rabi, wato milimita 65, iyakar zurfin gurbin harsashinta ke nan.

Na ce, "To Baba, ai ya shiga."

Ya ce, "Ɗana, shiga daban, buɗewa daban."

Ashe tsawon da ake rubutawa a kwali na kwanso ne bayan ya tashi, bakinsa ya ware. Kafin harbi a naɗe yake, shi ya sa dogo ke shiga gajeren gurbi. Da ya tashi sai bakin ya rasa inda zai buɗe, ya cushe inda bututun ke ƙuntata, matsin wuta ya haura abin da aka gwada ƙarfen a kai. Gajere a dogon gurbi ba laifi, in lambar baki ɗaya ce. Dogo a gajere kuwa, a'a.

Abin da ya fi tayar mini da hankali ya zaro shi daga gwangwani: harsashin lamba 20, rawaya. Ya fi na lamba 12 siranta, in ya shiga bindigar 12 sai ya zurma ciki ya maƙale, mutum ya ga gurbi fayau ya ɗora wani a baya. Bututun tsagewa yake yi daidai inda hannun hagu ke riƙe. Ni kuwa aljihu ɗaya nake zuba nawa da na ƙanena mai lamba 20.

Aikin dattijon ya gamsar da ni. Ya haska cikin bututun, ya shafa bayansa da yatsa yana neman kumburi, bai samu ba, ya ɗaure mahaɗar da ta fara girgiɗi. Ƙorafina ɗaya: ya ce kwana biyu, sai da na yi sawu uku daga Daura, kilomita wajen 80 kowace tafiya. Sauran harsashi 23 na mayar wa mai su, bindigar kuma tana rataye har in samu harsashi mai milimita 65.