Ɗakin gilashi ko ɗakin ƙanƙara?

Mai zuwa yankin Lapland, can arewacin Turai, kallon aurora, koren hasken nan da ke rawa a sama da dare, masauki biyu ke gabansa. A Finlan akwai ɗakin gilashi: kana kwance kana kallo. Sai dai da lantarki ake ɗumama gilashin don kada ƙanƙara ta rufe shi.

Ɗakin ƙanƙara na ƙauyen Jukkasjärvi a Suwidin kuwa, da ƙanƙarar kogin Torne ake gina shi duk hunturu, in sanyi ya wuce ya narke ya koma kogi. Maginin Tahoua da ya saba sabunta yaɓe zai gane wannan nan take. Ni shi na fi so, ko da yake sanyin cikinsa digiri 5 ne ƙasa da sifili, kuma sai ka fita waje za ka ga hasken.