Kafin ka sayi sandar fatsa don kifin sanyi a tafkunan Teksas

Duk shekara, daga ƙarshen Nuwamba zuwa farkon Maris, hukumar kula da gandun daji da namun dawa ta jihar Teksas takan ɗebo kifin tirawut daga wuraren kiwo a cikin motocin tanki, ta juye shi a ƙananan tafkunan lambunan shaƙatawa na cikin gari. Wasu tafkunan, irin na Mary Jo Peckham da ke Katy, da na Community Park a Missouri City, da na Chisholm Park a Hurst can wajen Fort Worth, duk bayan mako biyu ake zuba musu. Kifin ba ɗan asalin Teksas ba ne. Asalinsa kogunan yammacin Amurka ta Arewa masu ruwan sanyi, kuma da zarar ɗumin ruwa ya haura digiri 21 a ma'aunin Salshiyos sai ya fara galabaita. Ba ya kai wa bazarar Teksas da rai. Saboda haka an zuba shi ne domin a kama a ci, kifi biyar ga kowane mutum a rana.

'Yan uwanmu da ke zaune a Houston da Dallas da yawa suna ganin mutane jere a bakin ruwa da sanyin safiya, sha'awa ta kama su, su shiga kanti su fito da kayan da ba za su kama komai ba. Ni ma haka na yi a shekarata ta farko. Idona ya saba da tarwaɗa da giwan ruwa, sai na zaɓi sanda mai kauri kamar ta kora shanu, da zare mai ƙwari, da ƙugiyar da za ta riƙe ɗan akuya. Asabar uku ina zuwa ina komawa gida da bokiti wayam, alhali wani dattijo a gefena da 'yar sandarsa siririya yana cika biyar ɗinsa kafin shayin da na zo da shi ya huce. Kifin da ake zubawa da wuya ya wuce tsawon ƙafa ɗaya, bakinsa ƙarami ne, idonsa kuma yana gani sarai a ruwan sanyi. Duk abin da za ka saya, wannan ne ma'auninsa.

Amma kafin sanda akwai lasisi. Duk wanda ya kai shekara 17 sai da shi, yara ƙasa da haka ba ruwansu. Mazaunin jihar, wato wanda ya haura wata shida a cikinta, yana sayen na ruwan daɗi na shekara a kan dala 30, wanda ba mazauni ba kuwa ya kusa ninka haka. Wannan lasisin yana ƙarewa ne ran 31 ga Agusta ko yaushe ka saye shi, don haka wanda ka yanka a Disamba zai kai ka har lokacin da ake zuba tarwaɗa a tafkunan nan bayan sanyi ya wuce. Idan Baba ne ya zo ziyara daga gida kana son ka fita da shi sau ɗaya, akwai na yini guda, shi ya fi sauƙi. Akwai kuma hanya ta uku: a cikin gandun shaƙatawa mallakar jiha ba a buƙatar lasisi ko kaɗan, kuɗin shiga kawai za ka biya, kuma wasunsu ana zuba musu tirawut. Sai dai kada ka rikita su da lambun ƙaramar hukuma ko na birni, can dole ne lasisi, tarar rashinsa tana iya kai wa dala 500. A waɗannan ƙananan tafkuna fatsa kaɗai aka yarda da ita, sanda biyu iyaka. Koma da taru irin na Argungu a bar su a Argungu.

To, sanda da na'urar naɗe zare, wadda zan riƙa kira kwarkwaro. Iri uku za ka tarar a kantunan Academy ko Walmart ko Bass Pro Shops.

Na farko shi ne mai rufaffen kai, wanda ake danna maɓalli da babban yatsa a jefa. Zebco 33 ne sarkinsu, tun 1954 ake yin sa. Kirkinsa ɗaya ne amma babba: yaro ɗan shekara shida zai iya jefawa a rana ta farko ba tare da zare ya cukurkuɗe ba. Aibinsa kuma, yana zuwa da zare mai ɗaukar nauyin laba 10, wato kusan kilo huɗu da rabi, wanda ya yi wa tirawut kauri, kuma ba ya jefa abu marar nauyi da nisa. In zare ya harɗe a cikin murfin, sai ka kwance shi da daskararrun yatsu kana tsaki. Idan don yara za ka saya, saya, amma ka ɗaura guntun siririn zare a ƙarshe kafin ƙugiya.

Na biyu shi ne buɗaɗɗen kwarkwaro mai rataye a ƙarƙashin sanda, mai ɗan ƙarfe kamar baka da ake ɗagawa kafin a jefa. Shi nake ba duk baligi shawara. Koyonsa bai wuce rabin awa a filin bayan gida ba, kuma shi kaɗai ne zai kai maka ƙaramin abu tsakiyar tafki. Ka nemi ƙarami, wanda aka rubuta wa lamba 1000 ko abin da ya yi kusa, a kan sanda mai tsawon ƙafa biyar da rabi zuwa shida da rabi, wadda aka rubuta UL ko L a jikinta kusa da mariƙi, ma'ana mai laushi ƙwarai ko mai laushi. A nan mutane ke rabuwa biyu. Wasu sun rantse da sandar Ugly Stik, don kuwa sai ka yi da gaske kafin ka karya ta. Ƙofar mota ta matse ta, yara su taka ta, tana nan. Amma tana da ɗan nauyi, kuma ba ta isar da motsin kifi zuwa hannu kamar sandar da aka yi da zallar girafait, wani sinadari marar nauyi. Ita ta girafait ɗin, ko kifi ya shinshina ƙugiya za ka ji, sai dai ba ta yafe ganganci, taku ɗaya ya gama da bakinta. Ra'ayina, in ƙoto za ka jefa ka jingine sanda ka zauna jira, ɗauki mai ƙwarin, domin da ido za ka ga bakin sanda yana rawa. In kuwa kai mai yawo ne a bakin ruwa kana jefawa kana naɗewa, kuɗin girafait bai tafi a banza ba. Kowace ka ɗauka, wadda aka haɗa sanda da kwarkwaro wuri ɗaya ta fi araha, kuma ta wadatar. Kifin da bai kai rabin kilo ba ba zai gwada ingancin kwarkwaron dala ɗari biyu ba.

Na uku, sandar da ake kaɗa zare a iska da ƙudan roba a ƙarshe, tana da ban sha'awa a ido, amma tana da tsada, tana son malami, tana kuma son fili a bayanka. A lambun da mata ke tura keken jarirai a bayanka, bar ta sai gaba.

Inda ya kamata ka tsaya ka yi tunani sosai shi ne zare, abin da ya fi komai araha a cikin kayan. Wanda ke zuwa a naɗe a kan kwarkwaro yawanci ya yi kauri, ya kuma daɗe a kanti har ya riƙe lanƙwasa kamar gashin da aka cire wa kitso. Warware shi ka zubar. Zaren roba na gama-gari mai ɗaukar laba 4 shi ne daidai. Laba 6 in hannunka bai saba ba, laba 2 in ka ƙware kana son wahalar da kanka. Akwai na fulorokabon, wanda ba ya fiye bayyana a cikin ruwa, amma ya fi tsada, ya fi tauri, kuma yana nutsewa. Wannan nutsewar tana da muhimmanci in za ka yi amfani da ƙoto mai tasowa sama, don zai riƙa jan sa ƙasa. Shi kuwa saƙaƙƙen zare, ƙarfinsa ya wuce buƙata, kifi yana ganin sa, kuma a ranar da sanyi ya kai ga ƙanƙara yakan sha ruwa ya daskare. Ban ga dalilin sayensa don wannan aikin ba.

Sai ƙoto. Ka tuna kifin nan a kududdufin siminti ya girma, abincin da ya sani shi ne 'yan dunƙulen da ake watsa masa. Shi ya sa ƙullin PowerBait na kamfanin Berkley, wanda ke zuwa a ƙaramar kwalba launi-launi, ya zama abin da kowa ke riƙe da shi. Yadda yake aiki shi ne yana tasowa. Za ka zura dalma mai rami a zare, ka ɗaura ɗan mahaɗin ƙarfe mai juyawa ya tare ta, sannan zare mai tsawon inci 12 zuwa 18, sannan ƙugiya. Dalma ta kwanta a ƙasa, ƙullin ya ɗaga ƙugiya sama da ciyawa da laka, daidai inda kifi ke wucewa. In ƙugiyar ta yi girma, nauyinta zai rinjayi ƙullin ya kwanta cikin laka, ka yini kana jiran gawon shanu. Don haka ƙugiya lamba 10 zuwa 14, kuma a lissafinsu, lamba tana hawa ƙugiya tana ƙanƙancewa. Kafin ka jefa, tsoma ta a bakin ruwa ka gani ko ta taso. Launi kuwa, masu fatsa suna musu a kai kamar musun ƙwallo. Kwalba biyu sun isa, ɗaya mai haske kamar ruwan ɗorawa, ɗaya mai duhu. Matsalar ƙullin ita ce kifi yakan haɗiye shi har ciki, wanda ka saki da wuya ya rayu. In da shi kake fatsa, abin da ka kama naka ne, in ka cika biyar ka naɗe.

Masarar gwangwani ma tana kamawa, Teksas ta yarda da ita, kuma kuɗinta bai taka kara ya karya ba. Ita ba ta tasowa, sai a rataye ta ƙarƙashin ɗan ƙwallon roba mai yawo a kan ruwa. Tana, wadda muka sani tun muna yara a bakin kududdufi, har yanzu ba ta tsufa ba, sai dai ƙananan kifayen tafkin sukan riga tirawut cinye ta. Za ka ga wasu suna laƙa alewar mashmalo don ta ɗaga ƙugiya. Yawancinta da sinadarin jelatin na alade ake yi, ni dai ba na sa ta a kayana, balle yara su ɗauka su jefa a baki.

Ƙoton ƙarfe wani fanni ne daban. Akwai mai ɗan faifai da ke juyawa in ana naɗe zare, irin su Panther Martin da Rooster Tail da Mepps, akwai kuma mai kama da guntun cokali irin Kastmaster, wanda ya fi su tafiya nesa ko da iska tana kaɗawa. Nauyin 1/16 zuwa 1/8 na oza ya isa. Reshe guda a ƙarƙashin ruwa zai raba ka da shi, amma ba ya ƙarewa, ba ya sa hannu ƙarni, kifi kuma a leɓe yake kamuwa. Ya fi aiki a kwana biyu ukun farko bayan an zuba kifi, lokacin da suke zagaye tafki a garke suna kai wa duk abin da ya ƙyalla cafka. Bayan mako guda, waɗanda suka tsira daga mutane da tsuntsayen ruwa sun yi wayo, ƙoto mai ƙamshi da haƙuri ne ke fito da su. Hukumar tana wallafa ranakun zubawa a shafinta na intanet, ka duba kafin ka yanke shawarar abin da za ka ɗaura.

In ni ne zan fara yau da kuɗi kaɗan a aljihu: lasisi, haɗaɗɗiyar sanda mai laushi da buɗaɗɗen kwarkwaro, zaren laba 4, fakitin ƙugiya lamba 12, 'yan dalma, kwalbar ƙulli biyu, da Kastmaster ɗaya mai ruwan zinariya. Ƙara da ƙaramar filaya don cire ƙugiya da matse dalma, kada ka matse ta da haƙori, guba ce. Ragar ɗebo kifi ba dole ba ce sai in bakin tafkin yana da tudu. Akwatin kaya mai hawa uku, da takalman shiga ruwa, da na'urar gano kifi, duk ka wuce su.

Abin da mutane ke mantawa shi ne kular ajiye kifi da ƙanƙarar da za a zuba a ciki. Safiyar Janairu a Houston tana iya farawa da sanyi mai ratsa ƙashi, kafin azahar rana ta buɗe, kuma naman tirawut yana da laushi, ba ya jure zama a leda cikin mota. Wannan laushin ne ma ya sa ba ya yin farfesu irin na tarwaɗa, narkewa yake a tukunya ya bar ka da ƙananan ƙayoyi. A gidanmu tsaga shi ake yi, a shafe shi da yaji da tafarnuwa da lemon tsami, a gasa ko a soya da fatarsa.